Rabon Wanda Bai Dawo Ba

Yayana ya fita daga gidanmu na Malali wata safiya da jakar kayan aikinsa a kafaɗa, ya ce zai je Mando ya duba firijin wani mutum, zai dawo kafin azahar. Gyaran firiji ne sana'arsa. Ba rikici ake yi a gari ba, kuma ba shi da faɗa da kowa. Har yau bai dawo ba. A lokacin wayar hannu ba ta zo hannun irinmu ba, sai Baba ya dinga zaga asibitoci da ofisoshin 'yan sanda da ɗakunan ajiye gawa. Aka yi ta cigiya a rediyo har muka haddace kalmomin: dogo, baƙi, mai tabo a girar hagu. Mai firijin ya ce shi ma ya jira shi har ya gaji.

Mu uku iyayenmu suka haifa. Shi ne babba, muna ce masa Yaya Babba, sai ni, sai ƙanena. Mama irin matan zamanin da ce, ba ta taɓa kiran sunan ɗan farinta ba, ko a gabansa ko a bayansa. "Yayanku" take cewa. Da ya ɓata ma ban ga hawayenta ba. Abin da na lura kawai shi ne ta daina zama a falo, ta koma zama a kan tabarma a bakin ƙofar kicin, inda ake hango ƙofar gida.

Baba tsohon ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai son ya ga kome a muhallinsa. Gidan na gwamnati ne da can, ya saye shi dab da ritayarsa, ya gina ɗaki biyu da banɗaki a baya, wurin da muke kira sashen baya. Nan Yaya Babba yake kwana. Da ciwon ƙoda ya fara kwantar da Baba, shekaru da yawa bayan ɓatan, sai ya aika aka kira masa limamin unguwa. A lokacin mijina ya rasu, na dawo gida da 'ya'yana mata biyu, don haka ni na kawo musu ruwa, Baba kuma ya ce in zauna.

"Malam, so nake in gyara abina tun ina numfashi," in ji Baba. "Sashen bayan nan zan ba wa babban yaron kyauta."

Liman ya ce, "Alhaji, kyauta ba ta cika sai an karɓe ta. Wa zai karɓa?"

"To in yi masa wasiyya."

"Ba a yi wa magaji wasiyya."

"To yaya zan yi da wanda ba ya nan?"

"Sai ka bar wa shari'a, ta san da irinsa."

Bayan liman ya tafi, Baba ya juyo gare ni. Ya ce mini, "Duk abin da za ku yi, kada ku yi gaggawar kashe shi da takarda." Bai kai wata damina ba ya rasu.

Bayan Mama ta fita takaba muka je kotun shari'a don rabon gado. Ɗaki ne mai zafi, fanka ɗaya tana juyawa a hankali. Magatakarda ya riƙa kiran magada ɗaya bayan ɗaya, kowa yana amsawa. Da ya zo kan Yaya Babba ya kira cikakken sunansa da ƙarfi, ya ɗaga kai yana duban ƙofa. Ya sake kira. Mun riga mun faɗa musu halin da ake ciki, amma ashe haka ƙa'idar take. Sai na tsinci kaina ni ma ina duban ƙofar, ƙanena ma haka. Tun ranar da aka daina cigiya ban sake jin an faɗi sunan nan a fili ba.

Alƙali ya tambayi Mama ko wannan ɗanta ne. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Shi ne."

"An ga gawarsa?"

Ƙanena ya ce, "Allah ya gafarta malam, ba a gani ba."

"Akwai wanda zai yi shaidar mutuwarsa?"

"Babu."

"To a wurinmu yana raye."

Ya yi mana bayani cewa za a fitar wa ɓatacce rabonsa cikakke a ajiye. In ya bayyana ya karɓi abinsa. In an tabbatar da mutuwarsa, ko ya kai shekarun da sa'o'insa ba su cika wucewa ba, sai a dawo a sake zama. Ƙanena ya tambayi shekara nawa ke nan. Alƙali ya ce malamai sun ce saba'in daga haihuwarsa, wasu ma sun ƙara. Na yi lissafi a zuciyata, na ga sauran fiye da shekara talatin.

Masu ƙiyasin dukiya da kotu ta turo suka zo gida da igiyar awo. Ƙanena ya ɗauki filin Baba da ke Mando da mota, tun da shi yana da gidan haya a Unguwar Shanu kusa da shagonsa na kayan gini. Tumunin Mama, wato ɗaya cikin takwas, da rabona suka faɗa a sashen gaba. Sashen baya da filin da ke gabansa, har da bishiyar gwaiba, ya zama na Yaya Babba. Ba a gina katanga ba, wani daga cikin masu ƙiyasin ne ya ja layi da jan fenti a kan siminti daga kusurwar kicin zuwa bangon maƙwabta. Kotu ta naɗa ni mai riƙon amana.

Da can sashen baya ɗakuna ne kawai da muke jibga tarkace. Daga ranar da aka ja layin nan sai ya zama gidan wani. 'Ya'yana suka daina tsinkar gwaiba ba tare da na hana su ba. Ni kaina in zan tsallaka sai in ji bakina yana shirin yin sallama. Mama ta sa aka kwashe tarkacen, ta shimfiɗa zanin gado. Duk ranar Juma'a da safe takan ɗauki tsintsiya ta ce za ta je ta duba ko gara ta shiga, ta daɗe a ciki, ta fito da ƙamshin turaren wuta a mayafinta. Na so in sa 'yan haya don wurin ya riƙa ɗaukar nauyin kansa, alƙali ma ya ba ni dama. Mama ta ce, "In mutum ya dawo daga tafiya ya tarar da baƙi a kan gadonsa fa?" Ban sake ta da zancen ba.

Da aka zo sa mitar wuta mai kati, sai na sa wa sashen baya tasa daban, don kada amana ta cakuɗa da nawa. Na saka mata 'yan yunit kaɗan, tun da ba abin da ke ci a ciki. Wata safiya ina shanya sai na ji tana ƙara, irin ƙarar da take yi in wuta ta kusa ƙarewa. Na shiga na duba. Ƙwayayen wuta a kashe, fanka a kashe, ba kome a soket. Na sake saka mata, bayan 'yan makonni ta sake ƙarewa. Na kira mai gyaran wuta ya bi wayoyin har cikin silin, ya ce bai ga inda aka ja ba, wataƙila mitar ce ke da matsala. Aka canza ta, sabuwar ma ta ci gaba da ci. Na tambayi Mama ko tana kunna wani abu in ta shiga. Ta dube ni ta ce, "Me zan kunna?" Sai ta ƙara da cewa, "Ki riƙa saka masa dai." Ina sakawa har yanzu. Wataƙila wani maƙwabci ne ya fi mu wayo. Haka nake gaya wa 'ya'yana.

Ana nan sai aka yi shelar cewa duk mai takardar mallakar gida ya kai a sabunta ta, a kuma biya harajin ƙasa da ya taru. Tamu tana ɗauke da sunan Baba. Na je ofishin filaye, wata mata mai kirki ta duba takardun ta ce ba za a sabunta da sunan mamaci ba, sai an mai da ita sunan magada, kowannensu kuma ya zo ya sa hannu a ɗauki hotonsa. Na ce ɗaya ba ya nan. Ta ce ya aiko da wakilci daga inda yake. Na ce ba mu san inda yake ba. Ta ce to a kawo takardar mutuwarsa. Na ce bai mutu ba. Ta ajiye biro ta dube ni, kamar tana tunanin ko lafiyata ƙalau.

Ƙanena ya kai mu wurin wani lauya abokinsa. Lauyan ya ce abin mai sauƙi ne: a dokar da babbar kotu ke bi, wanda aka shekara bakwai ba a ji ɗuriyarsa ba ana iya ɗaukarsa ya mutu. Za mu yi takardar rantsuwa, Mama ta sa hannu a matsayin uwa, sai kotu ta ba da hukunci.

"Barista, a ɗaya kotun fa an ce yana raye," in ji ni.

"Hajiya, can daban, nan daban."

Muka dawo gida ƙanena ya durƙusa gaban Mama ya yi mata bayani a hankali. Ya ce haraji yana ƙaruwa, gida ba takarda mai kyau ba shi da daraja, ko banki ba zai kalle shi ba. Ya ce shekara nawa za mu yi muna gadin ɗakin da ba kowa. Mama ta bari ya gama.

"Rantsuwa ka ce?"

"E, Mama, takarda ce kawai."

"In rantse da Allah a kan abin da ban gani ba?"

"Ba cewa za ki yi kin gani ba."

"Kai ka gan shi a mace?"

Ya ce a'a. Ta tashi ta shiga ɗaki. Ya juyo gare ni ya ce, "Yaya, ke ma kin san gaskiya." Na ce masa ban san kome ba, abin da ke damuna ke nan. Daga ƙarshe wani lauyan daban ya samo mana hanya mai tsawo: kotun shari'a ta ba da umarni a rubuta sunayenmu duka a takardar, ni in sa hannu a madadin ɓatacce. An sha zirga-zirga kafin ofishin ya yarda. Ranar da na karɓo sabuwar takardar na ga sunan Yaya Babba a sahun farko, da sabon tawada, a gidan hotonsa kuma an bar fili fari. Tun daga nan duk shekara takardar haraji da sunansa take fara zuwa.

Ba a fi wata biyu da wannan ba, wata rana bayan la'asar, aka yi sallama a ƙofar gida. Wani dillalin gidaje ne, gajere mai fara'a, tare da wani Alhaji da ya tsaya a jikin motarsa. Dillalin ya ce sun zo ganin sashen da ake sayarwa. Na ce ya yi ɓatan kai, ba abin da ake sayarwa a nan.

"Hajiya, ba nan ne gida mai gwaiba a baya ba? Ɗaki biyu da banɗaki?"

"Wa ya aiko ka?"

"Mai wurin da kansa. Ya ce rabonsa ne na gado, ƙanwarsa ce ke riƙe masa."

Na dafa ƙyauren ƙofa. Na ce ya kwatanta mini shi. Ya ce dogo ne, baƙi, ramamme, ya fara furfura, yana da tabo a gira. Ya faɗi sunan daidai. Ya ce a teburin wani mai shayi a Kawo suka haɗu, suka sake haɗuwa a nan ɗin, mutumin ba ya son yawan magana, ya ce ba shi da waya, a bar masa saƙo wurin mai shayin. Na ce a raina duk wannan an faɗe shi a rediyo, sunan kuma yanzu yana cikin fayil ɗin ofisoshi da yawa, kowane ɗan damfara zai iya samu. Ina shirin korarsa sai ya ce, "Har ya ce in gaya wa mai saye ƙofar ɗakin ciki tana da hali, sai an ɗaga ta da gwiwa kafin makulli ya juya."

Haka ƙofar take tun ranar da kafinta ya kafa ta. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba.

Ban san Mama tana bayana ba sai da na ji muryarta. "Yaya ka gan shi? Yana da lafiya?"

Dillalin ya fara gane akwai matsala, fara'arsa ta ragu. Ya ce, "Lafiya lau dai, Hajiya, a ido."

"Ya ce me ya sa zai sayar?"

"Bai faɗa ba."

Mama ta juyo gare ni. "In matsuwa ce ta same shi, ki bar shi ya sayar. Nasa ne."

Washegari da hantsi na bi dillalin zuwa Kawo. Mai shayin ya ce ya san wanda ake nufi, yakan zo ya zauna a ƙarshen benci yana kallon titi, amma ya kwana biyu bai gan shi ba. Na nuna masa tsohon hoton Yaya Babba. Ya daɗe yana dubawa, ya ce zai iya zama shi, zai iya zama ba shi ba, wannan ai yaro ne. Na yi ta komawa wajen mako biyu, ina zama a shagon wata mai ɗinki da ke tsallaken titi ina kallon bencin nan. Duk dogon mutumin da ya tsaya sai in miƙe in leƙa. Bai zo ba. Bai sake neman dillalin ba.

Lauya ya ce damfara ce, irin wadda ake yi a kan gidajen gado da ba a gama da su ba. Ya shigar da gargaɗi a ofishin filaye, ya ce mu rubuta a bango cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne. Mama ta yarda a rubuta a bangon gaba, ta hana a rubuta a na baya. Ta ce in ya zo ya gani zai ɗauka da shi muke.

Maganar ƙofar ce ta hana ni sukuni. Mu huɗu muka san halinta: ni, Mama, Yaya Babba, da ƙanena. Na daɗe ina juya abin kafin na je shagonsa a Unguwar Shanu. Na jira har mai sayen fenti ya fita, sannan na tambaye shi kai tsaye ko shi ya turo mutumin. Ya dube ni har idonsa ya kaɗa.

"Yaya, ni? Ni zan sa wani ya yi shigar ɗan'uwana ya zo ya tsaya wa Mama a rai?"

"Tambaya na yi."

"To ba ni ba ne. Kuma da ni ne, da hankalinki ya fi kwanciya, ko ba haka ba?"

Gaskiya ya faɗa. Muka yi kusan shekara gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Har yau ban san wanda ya zauna a bencin nan ba. Mai gyaran wuta ma ya taɓa shiga ɗakin, masu ƙiyasi ma sun shiga, na sha gaya wa kaina haka. Amma ni na buɗe musu ƙofar duka.

Mama ta rasu bayan 'yar gajeriyar jinya, da rana tsaka, a ɗakinta. Muka sake komawa kotu. Alƙalin ya canza, hukuncin bai canza ba: ɗa ne, yana da rabo a dukiyar uwarsa. Ni da ƙanena muka ɗauki gwala-gwalanta da 'yar gonar da ta gada a ƙauyensu. Tumuninta na cikin gida, wato ɗakinta da ɗan lungun da ke gabansa, ya faɗa wa Yaya Babba. Wannan karon ba a ja fenti ba, tun da iyakar a cikin gida take. Na dai kulle ɗakin. Yanzu shi ya fi kowa kaso a gidan nan. In na fito daga ɗakina zan je kicin, ta gaban ƙofarsa nake wucewa, in na leƙa taga kuma sashensa nake gani.

Bayan zaman kotun ne na tsaya tambayar magatakarda wani abu da ya faɗo mini. Na ce ni 'ya'ya mata kawai gare ni, in na mutu yaya za a yi? Ya ce 'ya'yana za su ɗauki kashi biyu cikin uku, saura na 'yan'uwana maza ne. Na ce har da wanda ba ya nan? Ya ce har da shi, za a fitar masa a ajiye. Na hango 'ya'yana a ɗaki ɗaya, sauran gidan duk a kulle, suna biya wa mutumin da ba su taɓa gani ba haraji.

Ban yi nauyin jiki irin na Baba ba. Na kira liman da maƙwabta biyu da ƙanena, na ba wa 'ya'yana rabona na gidan kyauta, suka karɓa da bakinsu a gaban shaidu, lauya ya rubuta, muka kai ofishin filaye aka biya abin da ake biya. Liman ya ce sai na fita daga wurin na ɗan lokaci kafin kyautar ta tabbata, don haka na koma gidan ƙanena na zauna, a nan ne ma muka shirya da shi sosai. Da na dawo, a matsayin baƙuwar 'ya'yana na dawo. Ƙanena bai yi gardama ba ko kaɗan, ya ce da ma shi bai sa ran cin gadona ba.

Saura amana. Gwiwoyina sun fara ba ni matsala, kuma sauran shekaru masu yawa kafin Yaya Babba ya cika saba'in. Na roƙi babbar 'yata, wadda take aikin jinya, ta yarda kotu ta naɗa ta a bayana. Tana cikina lokacin da Yaya Babba ya fita. Ta ce in ba ta lokaci. Bayan kwanaki, muna tsince shinkafa a kicin, ta ce ta yarda, amma tana da tambaya.

"Umma, in wani ya zo ya ce shi ne, yaya zan gane?"

Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na ga ni ma ban sani ba. Saurayi na sani, wanda zai zo kuwa dattijo ne. Muryarsa ma na neme ta a kaina na rasa.

Na ce, "Ki ba shi wurin zama a waje, ki ba shi ruwa. Kada ki sa hannu a kome. Ki kira kawunki da lauya."

"In kuma shi ɗin ne da gaske, na bar shi a waje?"

"Zai yi haƙuri."

Ta ci gaba da tsince shinkafar. Can ta ce gobe tana aikin safe, sai dai mu je kotun jibi.